Ɗorawar da Lauya Kamilu Ya Sayar

Ranar da na fara taka ofis a rayuwata, faɗa ne ya kai ni. Ranar kasuwar Ɗambatta ce, cikin bazara, shekarar nan da aka canza kuɗi har takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Ba ni da ko sisi, da curin daddawa shida na biya direba daga garinmu, Dogon Marke. Ya so ya hana ni shiga da maƙatata, doguwar gorar nan mai ƙugiya da nake kaɗo ɗorawa da ita, na ce ya ɗaure ta a saman mota, don da ita zan yi magana.

Ofishin shago ne ɗaya tsakanin mai cajin waya da mai sayar da taki. Maƙatar ta fi ƙofar tsawo, sai da na kwantar da ita na tura, ta ture wa Lauya Kamilu kwalbar ruwa a kan tebur. Ya miƙe yana cewa, "Inna Hure, ke ce tafe? Sannu da hanya, ga kujera."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba, ɗan Kaltume. Wa ya ba ka ɗorawata ka sayar?"

Ya ce shi bai taɓa sayar da ɗorawa ba, gona ce 'ya'yan marigayi Sabo suka sayar wa Alhaji Basiru, shi kuma ya rubuta musu takarda. Na ce ya ɗauko takardar ya karanta mini. Ya ɗauko ya fara da Turanci, na ce ya ajiye wannan ya yi da bakin da uwarsa ta yaye shi da shi. Ya bi layi da yatsa har ya zo inda aka ce an sayar da gonar da duk abin da yake cikinta. Na ce ya tsaya nan. Na tambaye shi ko ya je gonar. Ya ce an kawo masa takardar awo, ga zanen gonar, ga sa hannun dagaci. Na ce a zanen akwai itace? Ya ce zanen awo ba ya nuna itace. Sannan ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa kurma, wai a doka duk abin da ya kafu a ƙasa na mai ƙasar ne.

Na ce masa dokar ba ta taɓa cin miyar kuka ba, shi kuwa ya ci, kuma da daddawar itacen nan aka yi ta tun yana rarrafe. Na ce ɗorawar biyu ce, an sare guda jiya, gobe za a dawo wa ɗayar. Na ja maƙatata na fita. Mai taki da mai caji duk sun leƙo, na ce su ma su ji da kyau.

Kamilu ɗan garinmu ne, ɗan Malam Sama'ilu mai makarantar allo, jikan tsohon liman. Gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni, ba su da gona sai 'yar gayauna a bayan gida, shi ya sa yaron ya tashi ya san baƙi ya san fassara, amma bai san bambancin gero da maiwa a tsaye ba. Da ya sauke Alƙur'ani uwarsa ta matsa aka bar shi ya ci gaba da boko. Ya yi jami'a a Kano, ya ƙara wata makarantar, ya dawo da hoto sanye da baƙar riga da wani farin gashi a ka kamar tunkiya. Ubansa ya daɗe bai saki jiki da aikin ba, yana ganin lauya mutum ne da ake biya ya gyara ƙarya. Kamilu ya ce shi ba na kotu ba ne, na ƙasa ne, takardun gona da fili da shago zai riƙa rubutawa don kada a kai ga kotun. Ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wani babban lauya a Kano yana ɗaukar masa jaka, da ya ga ba ci gaba ya tattaro ya kama shagon nan a Ɗambatta, ya auri Furera malamar firamare. A lokacin da nake magana bai kai talatin da biyu ba, kuma Alhaji Basiru, babban ɗan kasuwar hatsi, shi ne mutum na farko mai nauyi da ya ba shi aiki.

Ita kuwa ɗorawa, ga yadda ta zama tawa. Da mahaifinmu Muhammadu Sani ya rasu, mu biyu ya bari, ni da yayana Sabo, da gona ɗaya. A ƙasarmu gona a jikin gona take, ba daji, ba saura, iyaka sai layin gamba ko na lalle. In aka ce za a yanka wa mace kasonta a irin wannan gona, abin da za ta samu bai isa shimfiɗa tabarma huɗu ba. Sai liman, kakan Kamilu, ya yi abin da aka saba. Aka yi wa ƙasa kuɗi, aka yi wa itatuwa kuɗi, aka tambaye ni na yarda, Sabo ya ɗauki ƙasa, ni na ɗauki ɗorawa biyu da ke cikinta, ta gabas da ta yamma. Ba ni kaɗai ba ce. Ka bi gonakin Dogon Marke, rabin kuka da tsamiya da ɗorawar da ke ciki ba na mai gonar ba ne, na wata gwaggo ce ko wata inna da take aure a wani gari, in lokaci ya yi ta zo ta kwashe abinta. Ba mai rubutawa, don ba wanda bai sani ba.

Shekara arba'in da ɗoriya ina cin itatuwan nan. Garin ɗorawa na yara, kalwa ta daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba a shafe daɓe. Da su na aurar da 'yata Safiyatu, da su na riƙe gida bayan mijina ya rasu. Ta yamma ta fi haihuwa, ta gabas ta fi zaƙin gari. Sabo bai taɓa tsinkar ko ƙwaya ɗaya bai aiko ya tambaya ba, ko da yake kullum yana mitar inuwarsu tana kashe masa dawa.

Da Sabo ya rasu gona ta koma hannun 'ya'yansa, Usaini da Khalilu. Shekarun suka zo da tsanani, taki ya gagara, abin da gonar take bayarwa ba ya kai su watan azumi. Suka yanke shawarar sayarwa su sayi babur mai ƙafa uku su shiga Kano. Ban hana su ba, ƙasarsu ce. Da na tambayi Usaini daga baya me ya sa bai faɗa wa lauya zancen itatuwa ba, ya ce, "Gwaggo, ai ban ga abin faɗa ba. Wa bai san ɗorawarki ba?" Gaskiyarsa. Shi bai faɗa ba don yana ganin kowa ya sani, Kamilu bai tambaya ba don ba a koya masa tambayar ba, Alhaji kuma da ya ji an ce da duk abin da yake ciki, sai ya sayar wa masu gawayi itatuwan, don yana son tarakta ta bi gonar ba abin da zai tare ta.

Ni ban san ana yi ba. Na fita da hantsi da maƙata da buhu, ɗorawa ta nuna har ta fara zuba, sai na tarar da ta yamma a kwance, rassanta sun danne gambar iyaka, 'ya'yanta a warwatse awaki suna ci. Mutum uku suna zaune a kan gindin da injin yanka itace a gabansu. Abin da ya ceci ta gabas, mai ne ya ƙare musu, gidan mai kuma ba ya karɓar kuɗin waya, sai takarda. Suka ce sai jibi in sun samo. Ban zage su ba, aiki aka ba su. Na tsince abin da awaki suka rage, washegari na hau mota.

Abin da ya faru bayan na bar ofis, Kaltume ce ta ba ni labari. Ta ce da la'asar Kamilu ya zo gida ya sami ubansa a zaure, ya kawo zancen kamar mai neman a ce masa tsohuwa ce ta rikice. Malam Sama'ilu ya bar shi ya gama, sannan ya ce ranar da aka raba gadon Muhammadu Sani shi ne ya riƙe bakin igiyar awo, yana saurayi, kuma da kunnensa ya ji mahaifinsa ya ce itatuwa biyu na Hure ne. Ya ce masa ba a sayar da abin da ba a mallaka ba, wannan ko a littafin farko na fiƙihu ya karanta shi, in boko ta goge masa to ya dawo zaure a sake biya masa. Kaltume ta ce yaron bai ci tuwo ba ranar.

Da sassafe na koma gonar na zauna a gindin ta gabas, na ce in za su yanka sai dai su haɗa da ni. Masu inji suka iso da jarkar mai. Ba su gama ɗura shi ba sai ga Kamilu a kan babur, da takalmin ofis, ya biyo ta cikin kunyoyin gona yana tuntuɓe. Ya gaishe ni, ban amsa da kyau ba. Ya ce wa mutanen su dakata, akwai kuskure a takarda, kuma shi ya yi shi. Babbansu ya ce su ba su san takarda ba, Alhaji suka sani. Sai ya kira Alhaji a waya, ya buɗe murya kowa yana ji.

Alhaji Basiru ya ce, "Lauya, kai ka rubuta, kai ka buga hatimi, yanzu kai ne kuma za ka ce ba haka ba?"

Kamilu ya ce, "Ni ne, Alhaji. Yaran sun sayar maka da ƙasa, kuma ƙasa taka ce. Itatuwan ba nasu ba ne. In aka je gaban alƙali, mahaifina ne shaidar Inna, ni kuma ba zan ce ƙarya yake ba."

Alhaji ya ce ashe yaro ya ɗauka aiki, ya kashe waya. Masu inji suka ɗauki jarkarsu. Yadda Kamilu ya sallame su ban sani ba, na dai lura daga wannan mako ya daina zuwa gari a kan babur, sai a motar haya.

Sai da aka yi sati uku ana kai da kawo, da dagaci da Malam Sama'ilu, kafin Alhaji ya yarda a sake takarda. Ba don Allah ya yarda ba, don an gaya masa rabin gonakin da yake shirin saye a yankin haka suke, in ya yi rigima da tsohuwa ɗaya ba mai sake sayar masa. Aka rubuta cewa ɗorawa biyu da ke gonar, ɗaya a tsaye ɗaya an sare, na Hure 'yar Muhammadu Sani ne, kuma tana da hanyar ƙafa daga bakin burtali zuwa gindinsu. Ya aiko a ba ni kuɗin wadda aka sare, na mayar. Na ce ban sayar ba, ba kuwa zan karɓi kuɗin abin da ban sayar ba, a kawo mini itacena. Aka yi amalanke tara zuwa ƙofar gidana. Da shi na dafa kalwa shekara biyu, ina hura wuta ina tsine wa zanen awo.

Alhaji ya janye aikinsa daga hannun Kamilu, ya kuma faɗa wa abokansa. Wannan damina yaron ya sha wuya. Man fetur ya tashi, kwanon gero ya kai inda ba a taɓa ji ba, Furera na da ciki, albashinta ne kawai ke shigowa. Kaltume takan zo sayen daddawa ta tsaya tana kallona kamar ni na kashe masa kasuwa. Nakan ƙara mata curi ɗaya in ce ta gaida lauya.

A cikin wannan zaman banza ne ya canza yadda yake aiki. Duk wanda ya kawo masa cinikin gona, ko mai cin iri kwano biyu ce, sai ya ce ba zai ɗora biro ba sai ya taka ta. Ya sayi takalmin roba irin na manoma. Yakan zagaya iyaka da mai sayarwa da maƙwabtan gona huɗu, ya ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tambayi na wane ne. Daga nan ya shiga gari ya yi sallama a gidan da tsohuwa take, don ya gano maza sukan manta, ko su yi kamar sun manta, amma tsofaffin mata ba sa manta itacen kowa. Sau da yawa ni yake fara nema. Ni na gaya masa kukar da ke gonar Ja'afaru ta ƙanwar kakarsa ce da ke aure a Shanono, ni na gaya masa rijiyar gonar gidan Sarkin Noma ta unguwa ce ba ta gida ba. Ban taɓa karɓar ladansa ba, sai dai in ya zo ya tarar ina surfen kalwa, in miƙa masa taɓarya. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Lauyan Itatuwa, da ba'a suka fara, shi kuma ya amsa.

Shekarun nan an sayar da gonaki da yawa, abin ba daɗin faɗa. Masu kuɗi daga Kano suna ta zuwa, wasu na son gidan kaji, wasu sito, wasu ajiye kuɗi kawai suke a ƙasa. Waɗanda suka yi takarda a wani wuri, da yawansu kafin shekara ta zagayo wata gwaggo ta fito da shaidunta an tafi kotu. Takardar Kamilu kuwa ba a taɓa jin ta a gaban alƙali ba. Ɗan kasuwa ba ya son mai gaskiya don gaskiyarsa, amma yana son abin da ba zai ja masa zirga-zirga ba, sai suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya hana mutum uku da na sani sayarwa gaba ɗaya, ya rubuta musu jingina ta shekara uku, biyu sun riga sun fanshi gonakinsu. Ya rubuta wa masu shagunan bakin tasha takardun haya, waɗanda da baki ake yi tun zamanin iyayensu. Ya kama shago na biyu, ya ɗauki wata lauya, Asiya, 'yar Zakirai, ita ma ya saya mata takalmin roba. Alhaji Basiru da kansa ya dawo, bayan wani fili da ya saya ta hannun wani ya cinye masa shekara a kotu. Bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi dama gwada yaron yake.

Bana bayan sallar layya wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da dabbobi ta yankinmu ta zaɓi Kamilu shugaban matasanta, ta kuma ba shi lambar yabo. Ya aiko mota ta ɗauke ni, aka zaunar da ni a layin gaba kusa da matan alhazai, ina warin daddawa suna warin turare. Mai magana ya yi ta jero abubuwa, wai matashi ne mai hangen nesa wanda ya kawo sabon tsari a harkar ƙasa. Na ce wa Kaltume sabon tsarin nan kakarta ma ta san shi. Alhaji Basiru ne ya miƙa masa lambar, wani katako mai gilashi, suka riƙe shi tare ana ɗaukar hoto. Da aka ba Kamilu abin magana ya ce aikin da ake yaba masa a gindin ɗorawa ya koye shi, wurin malamar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Mutane suka juyo suna kallona. Ni lemon da aka ba ni nake ƙoƙarin buɗewa.

Bayan taron da sati biyu na aika a kira shi. Kafaɗata ta daina ɗaga maƙata, bara ma Safiyatu ce ta zo daga gidan mijinta ta kaɗo mini. Na san in na mutu ban gyara ba, za a ce itace ɗaya ba ya rabuwa, a sayar wa Alhaji a raba kuɗin, kafin arba'in ɗina inji ya shiga gonar. Don haka na ce a rubuta na ba Safiyatu kyauta tun ina da rai, ta karɓa a gaban shaidu.

Ya zo da hantsi a motarsa, da Malam Sama'ilu da Usaini. Na ce ba a zaure za a yi ba, a gona za a yi. Muka bi hanyar ƙafar nan tawa ta cikin masarar Alhaji har gindin ta gabas. Safiyatu ta dafa itacen ta ce ta karɓa. Kamilu ya zauna a kan saiwa ya karanta takardar da Hausa, a hankali, ba sai na roƙa ba. Ya sa sunan itacen, ya sa hanya, ya sa har inda rassa suka kai. Ya miƙo mini abin dangwala yatsa.

Na ce ya ƙirga itatuwan gonar? Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai guda ɗaya ce, ga ta muna zaune a gindinta."

Na ce ya tashi ya bi ni. Muka ratsa masara zuwa yamma, inda kututturen yake, wanda tarakta take kewayewa shekara biyu. Na sa Safiyatu ta janye ƙayar da na rufe shi da ita saboda awaki. Tofo uku ne suka fito daga gefensa, babban ya kai ƙirjin Kamilu, ganye shar. Ya tsaya yana kallo. Malam Sama'ilu ya ce a tsohuwar takarda dai biyu aka rubuta, kuma kowa ya san Hure ba ta karɓi kuɗin wadda aka sare ba. Kamilu ya sosa ƙeya ya ce Alhaji ya riga ya yi maganar kawo mai tone kututturen bayan girbi, kuma jibi suna da zama da shi a ƙungiya.

Na ce, "To ka ga ka huta da neman sa. Ka koma ka sake takardar, ka sa biyu. In kun zauna jibi, kai shugaba, ka gaya masa ta yamma ta tashi, kuma ta Safiyatu ce. Yatsana yana nan, sai ka dawo."